Kafin ka jinginar da gona ka tafi rami

Da zarar an kawar da amfanin gona, an kai masara da waken suya kasuwar Dandume ko ta Bakori, sai ka ji hirar samari a Karfi da ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi ta koma kan abu ɗaya, wato rami. Wane ya tafi Zamfara, wane yana jihar Neja, wane an ce ya ƙetara har Jado ta ƙasar Nijar, ya dawo da mashin sabo fil. Cin rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma babu aibi ga mutum ya nemi halalinsa a duk inda yake. Abin da ya sa muka ga ya zama wajibi mu ce wani abu shi ne, yanzu tafiyar ta fara cin gona. Ana jinginar da ita, wani ma ya sayar da kasonsa na gado ɗungurungum don ya sami kuɗin mota da na shiga rami. In ka tambayi dalili, sai a ce maka ai zinari ya yi tsada. Gaskiya ne kuwa, domin farashin oza ɗaya a kasuwar duniya ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2025, a watan Oktoba na shekarar kuma ya haura 4,000.

To, 'yan'uwa, tsadar ƙarfe daban, ladan wanda ya haƙo shi daban, kuma a tarihi ba su cika tafiya tare ba. Za mu bi sawun wannan magana ta kan jan ƙarfe, domin an ajiye lissafin ladan mahaƙansa a nahiyoyi daban-daban, sannan ta kan kuzar Jos, wadda ita ce ta ci ƙarfin kakanninmu.

Labari mafi tsufa da aka rubuta a kan haƙar ma'adini a kusa da ƙasar Hausa na jan ƙarfe ne. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takedda, garin da masu bincike suke ganin shi ne kufan Azelik da ke yamma da Agadas. Ya tarar ana tono jan ƙarfe a bayan gari, a kawo gida a narka, a zuba shi sanda-sanda, wasu masu kauri wasu sirara. Masu kaurin guda 400 ake bayarwa a kan miskalin zinari ɗaya, sirara kuwa 600 ko 700. Sandunan nan su ne kuɗin garin. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi, kuma fatake suna ɗaukar su zuwa Gobir da Barno. Su wa suke aikin narkawar? Bayi ne, maza da mata. Wato mutumin da hannunsa ke ƙera kuɗin gari, da kuɗin nan ake sayen irinsa a kasuwa.

Kuza kuwa, tun kafin Bature ya zo Hausawa suna narka ta a Ririwai ta ƙasar Kano da Ririwan Dalma ta ƙasar Bauci, suna fitar da ita siri-siri kamar tsinke, 'yan kasuwa suna yawo da ita. Ganin tsinkayen nan a kasuwanni ne ya sa kamfanin Neja ya aiko mutanensa a 1902 da 1903 su nemo inda take fitowa. Cikin 'yan shekaru kamfanonin Ingila sun cika tsaunukan Jos, an yi doka cewa duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin Turawa ne, maƙeran Ririwai kuma aka rufe masu hanyar samun kuzar da za su narka, sana'ar ta mutu. Daɗin daɗawa, tun a 1900 an rubuta wa kamfanin Neja cewa rabin harajin ma'adinan da za a haƙo a babban yanki na Arewa nasa ne har shekara 99. Sai a 1950 gwamnati ta fanshi wannan alkawari daga magajinsa, kamfanin UAC, a kan fam miliyan ɗaya. Kamfanin da bai ɗauki kwano ko sau ɗaya ba ke nan.

Masu ɗaukar kwanon su ne talakawan Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato da Barno, tare da mutanen tsaunin da aka ƙwace wa gonaki. Abin da ya kai su kuwa haraji ne. Bature ya ce da kuɗinsa za a biya, sule da sisi, ba zai karɓi wuri ko dame ba. A nan ƙasarmu wanda ya yi sa'ar auduga yana iya kai ta ma'auna, ta wuce injin gurza na kamfanin BCGA a Funtuwa, ya sami na haraji. Wanda audugarsa ta ƙi, ko farashi ya karye kamar yadda ya faru a farkon shekarun 1930, sai ya kama hanyar Zariya, daga nan ya bi ƙaramin jirgin ƙasan da aka buɗe zuwa Jos da Bukuru a 1914, in ba shi da kuɗin jirgi ya taka da ƙafa. A barikin kuza helma ne mai ɗaukar mutum aiki, ta hannunsa lada ke biyowa, sau da yawa kuma shi ne mai ba da bashin abinci, caca ma a ƙarƙashin inuwarsa ake yin ta. Mutum zai yi mako yana jidar ƙasa a ka daga rami zuwa wurin wanki, ranar biya ta zo, kafin magariba rabin kuɗin ya koma inda ya fito. Mutane da yawa sun je da niyyar wata uku, bashi da kunyar komawa gida hannu rabbana suka riƙe su shekaru.

Amma duk da haka lebura yana da makami guda ɗaya: da hadari ya fara haɗuwa sai ya ajiye kwano ya koma gonarsa. Kamfanoni sun sha kuka da wannan, domin kowace damina bariki yakan yi fayau. In lada ya yi ƙasa ƙwarai, mutane ba sa zuwa.

Wannan makamin ne aka karɓe a 1942. A farkon shekarar Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo mafi yawan kuzar daular Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ana bukatar kuzar Jos ruwa a jallo. Hanya a buɗe take: a ƙara lada, a wadata abinci, mutane za su zo da ƙafarsu. Sai gwamnati da kamfanoni suka zaɓi tilas, duk da cewa Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas, suka fake da cewa yarjejeniyar ta yi togaciya ga lokacin yaƙi. Aka yanka wa lardunan Arewa kaso-kaso, umarni ya sauko daga Razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, shi kuma dagaci ya nuna wanda ba shi da gata. Abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna ke nan. Kowane rukuni yana yin kimanin wata huɗu, a kawo wani. Daga 1942 zuwa 1944 mutanen da aka ɗiba sun tasam ma dubu ɗari. An kai su cikin sanyin tsauni babu isasshen bargo, ɗakuna a cunkushe, hatsi ya yi tsada saboda an tara bakuna a wuri ɗaya an kuma raba manoma da gonakinsu. Ciwon huhu da atuni da sanƙarau suka yi ta kashe mutane, dubbai suka gudu, har maganar ta kai majalisar dokokin Ingila, aka soke tsarin a 1944. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Wato shekarar da kuza ta fi kowace daraja a idon Ingila ita ce shekarar da ɗan kuza ya fi kowace wulaƙanta.

Kada wani ya ɗauka wannan halin Turawan Jos ne kawai. A daidai wannan zamani, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila kamar mu, an buɗe manyan ramukan jan ƙarfe a Nkana da Mufulira da Luanshya. Ba a lissafa wa baƙar fata albashi da wata, sai da tikiti, kowane tikiti kwana 30 na aiki. Sabon lebura mai aiki a sarari yana farawa da sule 12 da sisi a tikiti, mai shiga ƙarƙashin ƙasa sule 22 da sisi, sai ɗan abinci da ɗaki. In ka raba, na sarari kwabo 5 ke nan a yini, na cikin rami nai. Baturen da ke tsaye a kansa a rami ɗaya, ƙura ɗaya suke shaƙa, abin da yake ɗauka ya ninka nasa fiye da sau ashirin. A 1935 aka ƙara wa mazauna garuruwan ma'adinai haraji, ma'aikata suka ajiye aiki, 'yan sanda suka buɗe wuta a Luanshya suka kashe mutum 6. A 1940 Turawan ramin suka yi yajin aiki aka biya masu bukata cikin ruwan sanyi. Baƙaƙe suka ce su ma a duba su, sai aka turo sojoji Nkana, mutum 17 suka rasa rayukansu. (Mu ma nan gida an yi irinta a ramin kwal na Iva Valley a Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, aka harbe mutum 21.)

Wannan bambancin lada a rami ɗaya an yi shi a wata nahiyar tun kafin nan. A Cananea ta ƙasar Meksiko, a 1906, kamfanin wani Ba'amurke yana biyan ɗan ƙasa feso uku da rabi a yini, Ba'amurke mai aiki iri ɗaya feso biyar. Suka yi bore suna neman feso biyar da aikin awa takwas, aka ƙetaro da 'yan bindiga daga Amurka aka murƙushe su. A can cikin Amurkar kuwa, a garin Butte na jihar Montana, mahaƙan jan ƙarfe sun kafa ƙungiya tun 1878, suka tsayar da ladan dala uku da rabi a yini, kuma kamfanoni suka kasa karya shi shekaru da dama. Lada ne mai tsoka a wancan zamani. Sai dai ƙurar dutse tana cinye huhunsu tun suna da sauran ƙarfi, kuma a 1917 gobara ɗaya a cikin rami ta kashe mutum 168. A Cile ma hayaƙin gobara ya kashe 355 a ramin El Teniente a 1945. Saboda haka ko a inda lada ya yi kyau, in za a yi lissafin gaskiya sai an cire shekarun da rami ya rage wa mutum.

To, abin tambaya a nan shi ne, a wuraren da rayuwar mahaƙi ta gyaru, me ya gyara ta? Misalin Kwango yana da ban sha'awa. Kamfanin Union Minière na 'yan Beljiyam, wanda aka kafa a 1906 don jan ƙarfen Katanga, ya fara ne da irin ɗiban gwamna: 'yan kwangila su shiga ƙauyuka su kwaso mutane, a yi aiki da su 'yan watanni, wanda ya mutu ya mutu, a kwaso wasu. Katanga ba ta da yawan jama'a. Da aka kai ƙarshen shekarun 1920 mutanen kwasowa sun yi wuya, kuɗin nemo su ya fi kuɗin riƙe su, sai kamfanin ya sake lale. Ya koma ba da kwangilar shekara uku, ya ce a zo da iyali, ya gina gidaje da asibitoci da makarantu, yana auna wa mata da yara abinci. Mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma zuwa shekarun 1950 ma'aikacin Katanga yana cikin ma'aikatan da suka fi samun sauƙin rayuwa a Afirka ta wancan lokaci. Tausayi ne ya kama su? Kamfanin nan ne a Disambar 1941 aka harbe gomman ma'aikatansa a garin da yanzu ake kira Lubumbashi don sun nemi ƙarin lada. Ƙarancin mutane ne ya sa mutum ya yi daraja a littafin akawu.

A Zambiya kuwa haɗin kai ne ya yi aiki. A 1949 ma'aikata baƙaƙe na duk ramukan suka dunƙule a ƙungiya ɗaya ƙarƙashin Lawrence Katilungu, suka ajiye zancen ƙabila gefe. A 1952 suka yi yajin aiki na mako uku cikin natsuwa, babu jifa babu ƙone-ƙone da za a fake da su a yi harbi, kuma a farkon 1953 aka yi masu ƙarin da bai taɓa faruwa ba, har na ƙasa-ƙasa ladansu ya kusan ninkawa. Haka ma a Cile, ƙungiya ce ta mai da mahaƙan jan ƙarfe cikin ma'aikatan da suka fi kowa albashi a ƙasar, tun kafin gwamnati ta karɓe ramukan daga kamfanonin Amurka a 1971. A duk inda muka duba, ladan mahaƙi ya tashi ne a lokacin da yake da ikon cewa ba zan shiga ba, ko don yana da wurin komawa, ko don babu wanda za a sa a madadinsa, ko don 'yan'uwansa sun tsaya tare da shi.

Kuma ko wannan daɗin bai dawwama ba, domin rami yana da ranar ƙarewa, farashi kuma a Landan ake yanka shi. Jan ƙarfe ya faɗi a 1975, Zambiya ta shiga bashi, aka sayar da ramukan gwamnati zuwa shekarar 2000, dubban ma'aikata suka rasa aiki da asibiti da makarantar 'ya'yansu a lokaci guda. A Kwango, kamfanin Gécamines da ya gaji Union Minière ya sallami ma'aikata sama da 10,000 a 2003, alhali suna bin sa albashin kusan shekara uku. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka koma tono da diga da shebur a Kolwezi, suna sayar wa dillalai a buhu. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, abin da ya rage wa mutanen Bukuru da Barikin Ladi shi ne ɗaruruwan kududdufai a inda da gonaki ne.

Yanzu a dawo kan ramin da ake kiran samarinmu zuwa gare shi. Babu Bature a kansa, babu dagacin da zai nuna ka, amma a duba tsarin da kyau. Akwai mai rami ko mai ɗaukar nauyi, wanda yake ba da abinci da kayan aiki bashi har a iske jijiya. In an samu, sai ya fara cire abin da ya kashe bisa lissafinsa, a biya mai injin niƙa, a biya mai wanki, a wasu dazuzzukan a biya masu bindiga, sannan a raba saura. Dillalin da zai saya kuma da sikelinsa ya zo, farashin da yake faɗa a daji shi ne farashi, ga bashi yana jiran ka ba ka da halin kai kaya gari. Wannan helma ne ya sake riga. Ma'aikacin Nkana ko ba komai ya san kwabonsa 5 na nan, ɗan ramin zinari kuwa yana iya tonon wata biyu ya tashi da bashin tuwo. Wanda ya dawo da mashin kowa ya gan shi. Goman da suka tafi tare ba su dawo da komai ba, ba a hira da su a majalisa.

Sannan ga abin da ba a sa shi a lissafi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana kawo dutsen zinari cikin gida ana daka shi ana niƙawa a inda yara ke rarrafe. A Nuwambar 2021 rami ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da kan iyakarmu, aka fitar da gawa 18 a tashin farko. A Yunin 2024 wani ya rufta da gomman mutane a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro. Babu fansho, babu diyya tsayayya, sai ta'aziyya.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Taki ya fi ƙarfin talaka, gonar gado an raba ta har ta koma kamar filin sallah, a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga, masaƙu da injinan gurzar da suka riƙe yankin nan a da kuma yawancinsu sun durƙushe. Wanda zai ce wa saurayi kada ka tafi, alhali bai nuna masa abin da zai ci ba, wasa yake yi. Mu ba mu ce kada a tafi ba. Cewa muka yi gonar nan, komai ƙanƙantarta, ita ce abin da ya sa kakanka ya iya juya wa kamfanin kuza baya da damina, har sai da aka yi doka aka ɗauko shi da ƙarfi. Wanda ya sayar da ita don ya shiga rami ya yi wa kansa abin da sai da Gwamna ya sa hannu kafin a iya yi wa kakansa. Ranar da mai rami ya ce kashi ɗaya cikin biyar zai ba shi, sai ya karɓa, don ba shi da inda za shi.

Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ijara a Risala ya san sharaɗi ne a san aikin, a san lokacinsa, a san ladan tun kafin a fara. Batun a ba mutum rami ya haƙa a kan wani kaso na abin da ya fito kuwa, malaman Malikiyya zance biyu gare su, don haka mai niyyar tafiya ya fara zuwa ya tambaya. Ko a wurin waɗanda suka halatta, sai an ambaci kason a fili. Saboda haka kada a shiga rami a kan "ai ba za mu ɓata ba". A faɗi kaso, a faɗi abin da za a cire da wanda ba za a cire ba, a faɗi wanda zai ɗauki jinya in dutse ya faɗo, a rubuta a gaban shaidu. Masu tafiya daga gari ɗaya su haɗa kuɗi su sayi sikelinsu, su sa ɗaya daga cikinsu da ya yi sakandare ya riƙa rubuta kowane mudun shinkafa da aka ci bashi. Dutse da kayan da aka sa a rami kada su shigo cikin gida inda mata da yara suke.

Akwai kuma ƙofar da doka ta buɗe wadda mutanenmu ba su cika shiga ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta yarda ƙananan mahaƙa su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su nemi lasisin ƙaramar haƙa da sunansu, maimakon su zauna ana kiran su ɓarayin ma'adinai ana kama su ana tatsa. Hanyar tana da wahala, akwai zirga-zirga ofis-ofis da kuɗin takardu, mutum ɗaya ba zai iya ba. Mutum talatin daga Karfi da kewaye, da shugaba da ma'aji da littafi, za su iya. Muna kira ga 'yan'uwan da suka yi karatun zamani a Malumfashi da Funtuwa su nemo ƙa'idojin rajistar, su zauna da masu shirin tafiya su karanta masu da Hausa tun kafin motocin cin rani su fara lodi.